Sabulun wanke-wanke a jikin mota: yadda za ka wanke ta kafin ka shafa kaki

In kana tambaya ko sabulun kicin zai yi wankin mota, amsar ita ce eh, za ka iya wanke motarka da sabulun ruwan da ake wanke kwanuka da shi, amma sau ɗaya tak, ranar da ka shirya shafa mata kaki, kuma da sharaɗin kakin ya hau jikinta kafin rana ta faɗi. In wankin mako-mako ne, ka bar wa uwargida sabulunta a kicin. In kuwa omo ne na gari, irin wanda ake zazzagawa a bokiti a wuraren wankin mota da yawa a Kaduna daga Kawo har Kakuri, babu ranar da ya dace ya taɓa fenti, ana shirin kaki ko ba a yi.

A ganina ma, an ba gardamar sabulu girman da ba ta kai ba. Abin da ke kashe fentin mota a garin nan ƙura ce da tsumma da rana. Mutum zai shiga shago a Ahmadu Bello Way ya sayi sabulun mota mafi tsada, ya dawo gida ya ɗauko tsohuwar singileti ya dirje ƙurar hunturu a kan bonet da tsakar rana. Wannan ya fi wanda ya yi amfani da Morning Fresh cikin natsuwa yi wa motarsa ɓarna, nesa ba kusa ba. Saboda haka maganar sabulun rabin zance ce, ɗaya rabin yana hannun mai wankin.

Abin da ke jikin motar

Fentin motar zamani aƙalla hawa uku ne. Na ƙasa shimfiɗa ce da ke kama ƙarfe ta hana shi tsatsa, na tsakiya shi ne launin, na sama kuma wani fenti ne garai-garai marar launi, wanda masu fenti ke kira kiliya. Ƙyallin da kake gani nasa ne, kuma shi ke tare zafin rana kada launin ya koɗe. Kaurinsa daga masana'anta yakan kama daga maikiron 40 zuwa 50, wato ka raba milimita ɗaya gida ashirin ka ɗauki kashi guda. Duk zanen da kake gani yana zagaye-zagaye a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, a cikin wannan ɗan siririn hawan yake. In ya cinye, ba ya dawowa sai an sake feshi.

Aikin kaki shi ne ya kwanta a saman kiliya, ya sha wahalar da kiliyar za ta sha: ruwa, ƙura, kashin tsuntsu, ɗanyen ruwan bishiya. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na asali da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a arewa maso gabashin Brazil, sunansa kanoba, kuma za ka ga an rubuta Carnauba a jikin gwangwanin. Yana da kyawun ƙyalli, sai dai bai cika wuce wata ɗaya zuwa uku ba, a zafin Maris da Afrilu ma yakan gaza hakan. Akwai kuma na haɗin masana'anta, wanda galibi ake rubuta Sealant ko Synthetic a jikinsa, shi yakan kai wata huɗu zuwa shida.

Ka kula da wani abu a wajen saye. A bakin masu shago da masu wanki, komai folish ne. Amma abin da aka rubuta Polish ko Compound a jikinsa yana da ɓarɓashi a ciki, aikinsa ya kankare fatar kiliya kaɗan don zane ya ɓace. Wanda aka rubuta Wax shi ne kaki, ba ya kankarar komai. Karanta gwangwanin da kanka kafin ka biya.

Me sabulun kwanuka ke yi?

An haɗa shi ne don ya raba maiƙo da faranti. Ƙwayoyin da ke cikinsa baki biyu gare su, ɗaya na kama maiƙo, ɗaya na kama ruwa, sai ɗauraya ta tafi da duka. Kaki kuwa dangin maiƙo ne. Shi ya sa in ka mayar da sabulun kwanuka abin wankinka na kullum, kakin da ya kamata ya yi maka wata biyu zai tafi da wuri, motar ta zauna tsirara a rana. Amma ranar da kake son cire tsohon kaki da maiƙon hanya da hayaƙin tirelolin baifas da ya manne a jiki, wannan halin nasa shi ne abin nema. Sabon kaki ya fi kama fenti mai tsabta ƙal.

Shi kansa kiliya, sabulun kwanuka da aka surka da ruwa ba ya cin sa a wanki ɗaya. Fenti ne da aka gasa a masana'anta, ya fi ƙarfin wannan. Illarsa tana wasu wurare uku. Na farko, ba shi da santsin da sabulun mota ke da shi, wanda ke sa ƙwayar ƙura ta zame maimakon ta ja zane. Na biyu, yana busar da robobin gefen gilashi da na ƙofa da baƙar bamba marar fenti. Duk wanda ya taɓa yin wanke-wanke a watan Janairu ya san yadda hannu ke yin fari fat ya yi kaushi bayan an gama, to haka robar mota ke yi in aka yawaita mata shi, ta yi toka-toka daga baya ta fara tsagewa. Na uku, yana barin wani ɗan yauƙi da ido ba ya gani in ba a ɗauraye sosai ba, musamman irin waɗanda aka ƙara wa man laushin hannu. Yawancinsu kuma akwai gishiri a ciki, da shi ake ƙara musu kauri. Ba wani mai yawa ba ne bayan an surka, amma ba abin da za a bari ya bushe a lungun ƙofa ko inda fenti ya ɓantare ba ne.

Wannan yauƙin yana yaudarar mutane, kuma yana da kyau ka san da shi. Bayan wanki da sabulun kwanuka za ka ga ruwa ya daina dunƙulewa a jikin motar, yana shimfiɗewa kawai, sai ka ce shi ke nan tsohon kaki ya fita. Sau da yawa bai fita ba, ragowar sabulun ce ta rufe shi. Ka ɗauraye da ruwa mai yawa ka ga dunƙulewar ta dawo. Tsohon kanoba da ya riga ya gaji, sabulun zai kwashe shi. Na haɗin masana'anta da aka shafa wata ɗaya ko biyu da suka wuce, da ƙyar ya motsa shi.

Omo kuwa labarinsa daban. A ma'aunin pH, wanda ke auna tsami ko kaifi irin na kanwa a ruwa, yana tashi daga 0 zuwa 14, sabulun mota na zama wajen 7, wato tsaka-tsaki. Na kwanuka yana tsakanin 7 da 9. Garin wanki, ko Omo ne ko Klin ko Ariel, yakan kai 10 zuwa 11, domin akwai sinadarin sodiyam kabonet a ciki, wanda shi ne ke cikin kanwa. Ga shi kuma ba ya narkewa duka a ruwan sanyi, ƙwayoyinsa na maƙalewa a soso su ja layi. Yana dusar da rim ɗin alminiyam, yana barin farin tabo a roba, yana kuma cinye kaki a wanki ɗaya ko biyu. Haka sabulun soda na sanda. Hypo da Jik kada ma su kusanci bokitin.

Kafin ka jiƙa motar

Fara da duba fentin, domin akwai motar da kaki ba zai yi mata komai ba. In rufi da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa, kamar yadda ake gani a 'yan Kwatano da yawa da suka sha rana, kiliyar ce ta mutu. Wannan aikin mai fenti ne. In kuma ba a daɗe da yi wa motar feshi ba, ko duka ko ƙofa ɗaya bayan an buge ta, ka dakata. Sabon feshin gareji yana ɗaukar wata ɗaya zuwa uku yana fitar da tina, wato ruwan da ake surka fenti da shi, kafin ya gama tauri, kaki kuma na toshe shi. Tambayi wanda ya yi aikin yaushe za a iya shafawa. Tsofaffin motoci, irin su Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kakuri, da wasu feshin gareji masu araha, da yawansu ba su da kiliya sam, launin ne a waje. Za ka gane su in ka goga ɗan folish a farin ƙyalle a wani lungu, ka ga launin motar ya fito a ƙyallen. Irin wannan fentin ya fi saurin bushewa da koɗewa, ni dai ba zan sa masa sabulun kwanuka ba.

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu na jiki da na uku na taya, tawul mai laushi da ake kira maikirofaiba aƙalla biyar ko shida, soso mai laushi na shafa kaki, tsohon buroshin haƙori, farar leda siririya, tef ɗin takarda irin na masu fenti, da ruwa. Ruwan ya fi komai muhimmanci. In daga 'yan garuwa kake saye, kada ka yi ƙasa da jarka huɗu, biyar ma ta fi, domin ɗauraya ce za ta cinye mafi yawansa. Tawul da soso za ka samu a shagunan kayan adon mota da wajen Panteka. Soson buhu da tsohuwar riga da tawul ɗin wanka, duk ka ajiye su gefe.

Sai lokaci. Da sassafe bayan an dawo daga masallaci gari ya waye, a inuwa. Ɗora bayan hannunka a kan bonet: in ba za ka iya barinsa a wurin ba, ba lokacin wanki ba ne. Baƙar mota da ta wuni a rana a bazara jikinta na iya haura digiri 60, kumfa na sauka zai bushe ya bar tabo. Inuwar rumfa ta fi ta bishiya, domin mangwaro da dogon yaro suna zubar da ruwa mai danƙo, ga tsuntsaye. Kuma aikin zai ci maka awa uku zuwa huɗu in za a yi shi yadda ya kamata. Masu son su yi shi da safiyar Sallah kafin tafiya Idi su tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

Wankin kansa

Fara da tayoyi da rim, da bokitinsu da sosonsu daban. Baƙar ƙurar da ke rim ɓarɓashin birki ce, akwai ƙarfe a ciki, kuma duk soson da ya taɓa ta ya haramta ga fenti. In ka bar tayoyi sai ƙarshe, dattinsu zai fantsamo a jikin da ka gama wankewa.

Sannan ka watsa wa motar ruwa zalla daga rufi zuwa ƙasa, ba tare da hannunka ya taɓa ta ba. A nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, don haka zan ɗan tsaya. Ƙurar da iskar hunturu ke kawo mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu daga Sahara take tasowa, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A ido gari ce mai laushi, amma akwai ɓarɓashin yashi a ciki, kuma yashi ya fi kiliya tauri sosai. Da damina kuma jar lakar unguwanni irin su Rigasa da Hayin Banki ce ke mannewa a ƙasan ƙofofi, ita ma cike da yashi. Duk ƙwayar da ruwa bai ɗauke ba, tawul ɗinka ne zai ja ta a kan fenti. In kana da tiyo, ka ba wannan matakin minti biyar cur. In da bokiti ne, yi amfani da buta ko kofi kana kwarara a hankali, ka bar lakar ta jiƙa ta saki da kanta, ka sake kwarara. Ka leƙa cikin mazaunin taya ma, laka na taruwa a can ta riƙe danshi ta jawo tsatsa.

Yanzu haɗa ruwan sabulun kwanukan. Cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu, wato mililita 15 zuwa 30, a bokitin lita 10. Ya isa. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba, ƙarin aikin ɗauraya ne kawai. Zaɓi sabulu marar ƙarin komai, ba mai man hannu ba, ba mai bilic ba. Bokiti na biyu ruwa ne zalla.

Tsarin shi ne: tsoma tawul a ruwan sabulu, wanke yanki ɗaya, tsoma shi a ruwa zalla ka murza ya saki dattinsa, matse, sannan ka koma ruwan sabulu. Ka fara da rufi, sai gilasai, sai bonet da but, sai rabin ƙofofi na sama. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, kuma gara ka canza musu tawul. Ja hannunka a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, kuma kada ka danna. Nauyin jiƙaƙƙen tawul ɗin ya wadatar, tunda wannan sabulun ba shi da santsin da zai rufa maka asiri in ka matsa. Bayan ka gama rufi da bonet, leƙa bokitin ruwa zallan. Za ka tarar ya zama ja-ja, in ka tsiyaye shi a hankali kuma ka shafa gindin bokitin da yatsa, za ka ji yashi yana ƙaras-ƙaras. Da bokiti ɗaya ka yi amfani, wannan yashin da yanzu yana kan ƙofarka. Zubar, sake ɗibar sabo.

Kada ka sabe motar duka sannan ka dawo ɗauraya. Yanki ɗaya, ɗauraya, yanki na gaba. Da hunturu iska ba ta da danshi ko kaɗan, kumfa na bushewa kafin ka zagayo. Robobin gilashi da baƙar bamba kuma ka wuce su da sauri, ka ɗauraye nan take. Buroshin haƙori na lungun tambari ne da bakin murfin tanki da gefen lamba, inda tsohon kaki ke taruwa ya yi fari.

In ka gama, sake ɗauraye motar gaba ɗaya, sau biyu. Buɗe ƙofofi da but ka kwarara ruwa a bakinsu. Shafa tafin hannu a jiƙaƙƙen fenti: in ka ji yauƙi, da saura. Wanda ke da sabulun mota a gida, ya fi kyau ya bi da wanki na biyu mai sauƙi da shi, yana kwashe ragowar na kwanukan.

Tsane ruwan nan da nan da busasshen maikirofaiba, kana shimfiɗa shi kana ja a hankali. Ruwan rijiya da na burtsatse a wasu unguwanni yana da ma'adinai, in ya bushe da kansa yana barin fararen ɗigo-ɗigo, kuma in ka shafa kaki a kansu ka rufe su ke nan. Ruwa na ɓuya a madubin gefe da hannun ƙofa da bayan lamba, ya gangaro daidai lokacin da kake shafa kaki. Buɗe ƙofofin ka rufe sau biyu-uku, ka goge abin da ya fito.

Abin da sabulu ba ya fitarwa

Sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa bonet a hankali. Ledar na ƙara wa yatsu ji. In fentin sumul yake, ka wuce gaba. In ka ji gurji-gurji, akwai abubuwan da suka nutse a fatar kiliya: ɓarɓashin birki, feshin fenti daga gareji, ƙurar siminti, busasshen ruwan bishiya. Ko sau goma ka wanke ba za su fita ba. Maganinsu wani danƙo ne da ake sayarwa da sunan Clay Bar. Za ka gutsiri kaɗan ka murza ya yi faɗi, ka fesa ruwan sabulun mota a wurin ya jiƙe sharkaf, ka riƙa zame danƙon gaba da baya ba dannawa har ka ji ya daina kamawa. In fuskarsa ta yi datti, ninke shi ka fito da sabuwa. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi, ya riga ya kwashi yashi. Kada tsadarsa ta sa ka ɗauka, garin neman gira a rasa ido.

Ɗigon kwalta, wanda duk mai bin hanyar Zariya ko ta Abuja lokacin da ake aiki ya san shi, kananzir ke narkar da shi. Ɗiga kaɗan a ƙyalle, ɗora a wurin minti ɗaya, share a hankali, sannan ka sake wanke wurin da sabulu, domin kananzir na barin maiƙo kuma kaki ba ya kama maiƙo. Wannan ne ma dalilin da ya sa ɗabi'ar ɗiga kananzir a bokitin wanki don mota ta yi ƙyalli ba ta da amfani: ƙyallin yini ɗaya ne, washegari ƙura ta manne. Fetur da tina kada su taɓa fenti. Man birki kuwa, in ya ɗiga a jiki wajen bakanike, a wanke shi da ruwa a take, yana cin fenti har ƙasa.

In ka zuba ruwa bayan ɗauraya ka ga har yanzu yana dunƙulewa, tsohon kaki na nan. Hanya biyu ce. Ko ka samu sifirit irin wanda aka rubuta Isopropyl a jikinsa a shagon kayan asibiti, ka surka kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu, ka fesa a tawul ka goge yanki-yanki, amma ban da sabon feshi. Ko kuma ka sayi kakin da aka rubuta Cleaner Wax, irin wanda Meguiar's da wasu kamfanoni ke yi, wanda ke share tsoho yana shimfiɗa sabo a shafa ɗaya. Ga mai mota ɗaya da ke son aiki ya yi sauƙi, wannan na biyun nake ba shawara, kuma wanda ya saye shi ba ya ma buƙatar sabulun kwanuka tun farko. Sabulun mota da shi sun wadatar.

Shafa kakin

Manna tef ɗin takarda a gefen duk wata baƙar roba marar fenti. Kaki in ya shiga ramukanta yana yin farin tabo mai wuyar fita. In filin gidan ƙasa ne, yayyafa ruwa a kewayen motar don ƙura ta kwanta.

Ɗebo kaɗan a soso. Kaɗan ɗin nan da gaske nake: shafin da ya dace sai ka karkata kai ka duba ta gefen haske kafin ka gan shi. Abin da ke manne wa fenti siriri ne ƙwarai, duk abin da ya ƙaru a kai gogewa za ka yi ka zubar, ga wahalar hannu. Yi yanki ɗaya, misali rabin bonet, ka jira ya yi hazo-hazo. Minti nawa, yana rubuce a jikin gwangwanin, amma yanayi na canza shi: da hunturu yana saurin bushewa, a watan Agusta yana jan lokaci. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka ja yatsa a kai. In layin ya fito tas yana ƙyalli, ya yi. In ya yi dama-dama, ƙara jira.

Goge da busasshen tawul mai tsabta da ka ninke huɗu, kana juya fuska in ta cika, sannan ka bi da wani tawul ɗin na biyu. Da hunturu kada ka shafe motar duka ka tafi shan shayi, ƙura za ta sauka a kan kakin, ka dawo ka goge ta a cikin fenti. Yanki ɗaya, goge, na gaba. Gilashin gaba ba a sa masa kaki, yana sa waifa ta riƙa barin dusu-dusu, da dare fitilar masu zuwa ta hana ka gani. In na haɗin masana'anta ka shafa, yawancinsu na son awa 12 zuwa 24 ba ruwa, don haka da damina ka dubi sama kafin ka fara. Robobin da sabulu ya taɓa kuma ka bi su da man roba na silikon, ba baƙin mai ba.

Tawul ɗin da soson ka wanke su daban da kayan gida, ka shanya a cikin ɗaki ba a igiyar tsakar gida ba, in sun bushe ka ƙulle su a leda.

Bayan nan

Daga yau sai sabulun mota, wanda aka rubuta pH Neutral a jikinsa. Gora ɗaya na daɗewa, tunda murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a bokiti. In wajen wanki kake kai ta, tafi da gorarka da tawul ɗinka a but. Za ka ji yaron ya ce, “Alhaji, wannan naka ai ba ya kumfa, bari in ɗan ƙara omo ya fita fes.” Ba mugunta ba ce, abin da ya saba ke nan, kuma yawancin masu kawo mota kumfa suke son gani. Ka ce masa, “A'a ɗan'uwa, na shafa mata kaki ne, omo zai cinye shi. Fara watsa mata ruwa sosai, soson taya kuma kada ya hau jiki.” Ka tsaya ka ga an fara, in ya yi yadda ka ce ka ƙara masa wani abu a kan kuɗin wankin, gobe shi zai tuna maka.

Sharar ƙura da busasshen tsumma kowace safiya, wadda direbobi da masu gadi ke yi don nuna ƙwazo, a hana ta. In ba za a wanke ba, a kwarara ruwa a tsane, ko a bar ƙurar a goge gilasai kawai. Kashin tsuntsu ko na jemage kada ya kwana, yana da tsamin da ke huda kaki ya yi tambari a kiliya, musamman in rana ta gasa shi. Ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai minti biyu, ɗauke, kada ka kankare.

Mafi ƙaranci a shafa kaki sau biyu a shekara: ƙarshen Oktoba in ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta iso, da kuma Afrilu kafin damina ta kankama. Mai amfani da kanoba, ko wanda motarsa ke wuni a rana a bakin kasuwa ko filin ofis, zai buƙaci fiye da haka. Kada ka duba ƙofofi wajen yanke hukunci, su suna daɗewa. Zuba ruwa a rufi da bonet bayan wanki da sabulun mota, domin su rana ke duka kai tsaye kuma su ke fara ƙarewa. In ruwan ya shimfiɗe bai dunƙule ba, lokacin sabon shafi ya yi.